Farar Mujiya da Ɓeran Kanti

A gidan da na tashi, in mujiya ta yi kuka a kan katanga, Inna takan yi a'uziyya, ta tayar da yayanmu ya je ya kore ta da jifa. Da wannan tsoro na girma, kuma na daɗe ina bayyana wa ɗalibai abin da ake nufi in an ce wane ya zama mujiya a cikin tsuntsaye. Saboda haka mai karatu zai iya kwatanta mamakina ranar da na iske mutane masu hankalinsu tsaye cikin dusar ƙanƙara tun da sassafe, don kawai su ga mujiya ta tashi.

A watan Janairu na 2014 ne, ina Kanada wajen binciken digirina na uku. Mai masaukina, wani dattijo ma'abocin ɗaukar hoto, ya ara mini kyamara, ya ɗauke ni zuwa gonakin da ke bayan birnin Monturiyal. Farar mujiya ita ce tsuntsuwar da lardin Kwibek ya ɗauka tambarinsa tun 1987. Asalinta can ƙuryar arewacin duniya, inda babu itace, a ƙasa take ƙwai, kuma da yake rana ba ta faɗuwa a can da bazara, ba ruwanta da jiran dare kafin ta yi farauta. A 2013 ɓerayen da take ci, waɗanda ake kira lemin, sun yawaita a arewacin Kwibek, 'ya'yanta suka rayu da yawa. Da hunturu ya kama sai suka kwararo kudu, har aka ga wata a Fulorida.

Ɗaukar hotonta a zaune ba wuya, domin takan yini a kan turken shinge kamar an dasa ta. A tashi ne ake gane gwani. Farin ƙanƙara yakan ruɗi kyamara ta mayar da kome toka-toka, sai ka ƙara mata haske da hannunka. Fiffiken kuwa, mai faɗin kusan mita ɗaya da rabi, ba ya fita sarai sai ƙyaftawar kyamara ta kai kashi ɗaya cikin 2,000 na daƙiƙa. Sanyi yana shanye batir, don haka a aljihun ciki ake ɓoye na canji, kamar laya. Dattijon ya koya mini in ba iska baya, domin ita mujiya iska take fuskanta in za ta tashi. Kwana uku muna zuwa, abin da na samu bai wuce wutsiya da turke ba.

Ran na huɗu wani mutum ya iso da ɗan akwati. Ya buɗe, ya kamo ɓera mai rai, irin wanda ake sayarwa a kanti, ya jefa shi a kan ƙanƙara gabanmu. Dattijon ya ɓata rai, ya sauke kyamararsa, ya ce mini, "Ɗana, wadda ta saba karɓar abinci a hannun mutum, hanyar mota take koma wa jira, mota kuwa ba ta san ta ba."

Na ji shi sarai. Amma mujiyar ta riga ta saki turken, ta taho ƙasa-ƙasa ba ko motsin sauti, idanun nan rawaya suna kaina, ƙafafu masu gashi a miƙe. Yatsana ya danna, ya sake dannawa. Ba zan ce ya yi gaban kansa ba.

Hoton ya yi kyau, har gashin da ke gefen bakinta ana iya ƙirgawa. Mun koma gida dattijon bai ce mini uffan ba, ni ma ban nemi ya duba ba. A 2017 aka shigar da farar mujiya cikin jerin tsuntsayen da ake fargabar raguwarsu a duniya, ranar da na karanta labarin na sake buɗe hoton na daɗe ina kallo.

Da na dawo gida na nuna wa Inna a waya. Ta matso da shi kusa da idonta, ta ce, "Wannan kyakkyawar ce mujiya? To, me take kallo haka a gabanka?"

Na ce, "Ɓera ne, Inna."

Ta ce, "Allah sarki, ashe ka taki sa'a."