Wa Zai Koma Neman Wadda Aka Bari?

Wata ɗaliba ƴar asalin Gazawa, mai karatun kimiyyar harshe a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ta koma gida hutu da aiki a hannunta: ta naɗo gatanai daga bakin tsofaffi, domin nazarin karin harshen yankin. A cikin wayarta kuwa akwai littafin da ya hana ta barci dare uku, Wilder Girls na Rory Power, wanda ya fito a Amurka a 2019. Labarin ƴammata ne da aka killace a makarantar kwana a kan wani tsibiri, wata cuta tana sauya musu halitta, abinci yana ƙarewa. Da ƙawar jarumar ta ɓace, sai jarumar ta keta dokar killacewa ta shiga daji nemanta. Ɗalibar ta daɗe tana mamakin abin da ya ɗaure ta ga labarin da babu komai a cikinsa sai jini da yunwa.

A wani ƙauye kusa da Agye, kakarta ta ba ta gatanar ƴammatan da suka tafi itace, Dodo ya ritsa su, ya riƙe ɗaya, sauran suka sheƙa gida. Ɗalibar ta zo ne don wasula da karin sauti, amma da ta zauna rubuta abin da ta naɗa, sai ta lura cewa tsohuwar ba ta ɓata lokaci a kan kamannin Dodo ba. Jimla biyu ta gama da shi. Inda ta ja murya, ta maimaita, ta dakata, shi ne wurin da ƴammatan suka isa bakin gari, ɗaya daga cikinsu ta ajiye ƙunshin itacenta ta juya.

Ta tambaye ta: «Kaka, me ya mayar da ita?»

Tsohuwar ta ce: «Ƙawarta ce mana, jikata.» A wurinta bayani ya ƙare.

Mai nazarin harshe ya san nauyin wannan kalma. Ƙawance a ƙasar Hausa alƙawari ne mai haƙƙi: biki da gudummawa, rakiyar amarya, zaman makoki, rufin asiri. Baba ta Karo ta bayyana shi a littafin tarihin rayuwarta da Mary Smith ta wallafa a 1954. A wannan shekarar ce William Golding ya fitar da Lord of the Flies, inda yara maza da suka maƙale a tsibiri suka juya wa juna baya har da kisa. Littattafan tsoro na ƴammata na wannan zamani sun ɗauki tsibirin Golding, suka zuba masa tambayar kaka: idan wuya ta yi wuya, wa ke tsayawa?

Mutanen jihar Maradi sun taɓa amsa wannan tambaya da jikinsu. Bayan fari da fara na 2004, yunwar 2005 ta tura mata da ƴammata daji tsinkar anza, ɗan itacen da sai an jiƙa shi kwanaki kafin ɗacinsa ya fita. Kakar ta ce ba ta tuna ɗacin sosai, amma har gobe tana iya lissafa matan da suka raba ƙwarya da ita. Daga 2019 kuma, dubban mutanen da suka tsere wa ƴan bindiga daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun kwarara cikin gundumar Gidan Rumji, galibinsu mata da yara. Budurwar da ta tashi tana jin irin waɗannan labarai ba ta buƙatar a koya mata tsoro. Abin da littafin ke ba ta shi ne wurin da za ta gwada zuciyarta ba tare da ta rasa kowa ba: ta ga kanta a bakin gari, ɗauke da itace, ta ji ko ƙafarta za ta juya.

A nan ne nazarin ya soma yi wa ɗalibar nauyi. Tana da ƙawa tun suna firamare, wadda aka aurar tana shekara goma sha biyar a wani ƙauye na Gidan Rumji, daf da iyaka. Ita ta ci gaba da karatu, waccan ta shiga daka da goyo. Shekara biyu ke nan ba ta kira ta ba, kullum tana fakewa da jarrabawa da rashin kyawun layi. Ta yi kuka saboda ƴammatan wani tsibiri da babu shi, alhali lambar ƙawarta tana cikin wayar da take karatun.

Ta ƙarasa rubuta gatanar a daren, ta sa alamun sauti a kan kowace gaɓa kamar yadda malaminta ya umarta. Da asuba ta ƙulle sabulu da turmin atamfa a ɗankwali, ta gaya wa mahaifiyarta inda za ta, ta nufi tashar motocin Maradi.