Tsibirin Eigg, Inda Mutane Ke Sarrafa Wutarsu Da Kansu

Matafiyin da ya shiga jirgin ruwa a tashar Mallaig, a gaɓar yammacin Sikotland ta ƙasar Birtaniya, abin da zai fara hangowa shi ne wani dogon dutse mai suna An Sgùrr, wanda tsawonsa ya kai mita 393. A gindinsa ne tsibirin Eigg yake, ana kuwa furta sunan ne "Eg". Ƙaramin wuri ne, mazaunansa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, kuma babu wata waya da ta haɗa su da wutar babban yankin ƙasar.

Shekara da shekaru kowane gida injin dizal ɗinsa yake tayarwa da maraice, a sha ƙara da hayaƙi na 'yan sa'o'i, sa'an nan a koma duhu. Man kuwa sai an yo dakonsa ta teku. A 1997 mutanen suka haɗa kai suka sayi tsibirin daga hannun mai shi a kan fam miliyan ɗaya da rabi. Ranar 1 ga Fabrairu, 2008, kamfaninsu mai suna Eigg Electric ya kunna wuta, suka fara samunta dare da rana.

Daga wuri uku aka jawo wutar tun farko. Akwai injunan ruwa uku, babbansu yana Laig, mai ƙarfin kilowat 100. Akwai injunan iska huɗu a ƙarƙashin dutsen nan, kowanne kilowat 6. Sai kuma farantan hasken rana, waɗanda aka yi ta ƙarawa daga baya. Hikimar haɗa su a fili take: da hunturu rana ba ta daɗewa, amma ruwa da iska sun wadata, da rani kuwa rafuka kan ja baya, rana ta kai har dare ba ta faɗi ba. Wayoyin da ke kai wutar gidaje, masu tsawon wajen kilomita 11, duk a ƙasa aka binne su.

To, samar da wuta daban, sarrafa ta daban, domin iska ba ta shawara da kowa kafin ta tsaya. Saboda haka aka gina ɗaki guda aka jera batura, waɗanda aka tsara za su iya riƙe tsibirin wajen kwana ɗaya, tare da na'urorin inbata masu lura da shiga da fitar wuta. In cajin batura ya sauka zuwa wani ma'auni, injin dizal na ko-ta-kwana zai tashi da kansa, ya mutu in sun farfaɗo. In kuwa sun cika wuta ta yi rara, sai inbata ta ɗan ɗaga saurin bugun wutar. Wannan ita ce alamar da ke kunna na'urorin ɗumama ɗaki a zauren taro da majami'u, watau rarar ba ta tafi a banza ba.

Amma babban linzami a hannun jama'a yake. Sun yarda kada wani gida ya ja fiye da kilowat 5 a lokaci guda, wurin sana'a kuma kilowat 10. Wannan ya isa butar lantarki da injin wanki su yi aiki tare, sai dai uwargida ta duba mita kafin ta ƙara wani abu. Wanda ya zarce, wutar gidansa za ta yanke, sai ma'aikaci ya zo ya mayar. Ma'aikatan kuwa 'yan tsibirin ne da aka horar, don ba a jiran injiniya daga ƙetaren teku ranar da guguwa ta hana jirgi tasowa. In wuta ta yi ƙaranci akan sanar da jama'a, kowa ya rage.

Da wannan tsari, a yawancin shekaru wajen kashi 90 cikin 100 na wutarsu daga ruwa da iska da rana take fitowa. Baƙon da ya kwana a Eigg zai ga fitilu a tagogi, amma abin da zai ji sai kukan tsuntsaye da igiyar teku.