Takardar gwajin jinin Baffa

 Yau zan yi magana kan wata takarda da ba marubuci ne ya rubuta ta ba, amma mu ake miƙo wa mu karanta. A kowane gida akwai wanda ake ce wa ɗan boko, a gidanmu na Panshekara kuwa ni ne. Da zarar an dawo daga asibiti za a ce, "Ai kai marubuci ne, duba mana."

Baffana ya haura shekara ashirin yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Ciwon suga gare shi, da ƙwayoyi suka kasa sai likita ya ɗora shi kan allurar insulin. Shi insulin ɗan ƙaramin furotin ne, irin wanda masana ke kira feftayid, ƙwayoyi 51 ne a jere kamar carbi. In ka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar tsokar nama, shi ya sa sai dai allura. A 1921 aka gano shi a Toronto ta Kanada, aka fara yi wa mutum a 1922. Ozempic ɗin nan da ake ta zancensa a intanet saboda rage ƙiba, shi ma feftayid ne.

Takardar gwaji layi uku gare ta: sunan gwajin, abin da aka samu a jininka, sai kuma iyakar da ake kira nomal. Wannan layi na uku shi ke tayar da hankalin mutane. Na sugar safe kafin karin kumallo an rubuta 3.9 zuwa 5.5. Na Baffa 6.8, har da harafin H a gefe, alamar ya haura. Ranar ko tuwon dare bai ci ba. Cewa ya yi, "Ɗan nan, kullum ina soke kaina, kuma a ce har yanzu ban dawo daidai ba?"

Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne, wannan iyakar ta mai lafiya ce, wanda jikinsa ke samar da insulin da kansa, yana kuma dainawa idan suga ya sauka. Wanda aka yi allurarsa bai san dainawa ba. Ya shiga ya shiga, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Saboda haka likitoci ke bar wa mai allura rata. Ga yawancin manya, 4.4 zuwa 7.2 da safe, kuma ita likitan Baffa ya ba shi. Idan aka sauka ƙasa da 3.9 sai karkarwa, gumi, jiri, har suma. Ku auna mutum a wannan hali ƙarfe uku na dare, yana tsaye gaban injin da ke kankare fata. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawarar ya ƙara lamba biyu a allurar don H ɗin ta goge. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma irin shawarar da ke kai mutum kushewa ce.

Akwai kuma rikicin ma'auni. Na'urar da Baffa ya saya a kyamis 122 ta nuna masa a safiyar, takarda ta ce 6.8. Ya ce lallai ɗaya na ƙarya. Babu mai ƙarya, mudu ne ya bambanta. Ka ninka lambar takarda sau 18, za ka ga ta na'ura.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne HbA1c, don ba a iya yi masa wayo da kame baki na kwana biyu. Jajayen ƙwayoyin jini na rayuwa kusan kwana 120, suga na manne musu, sai gwajin ya tona yadda aka yi a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Mai lafiya ƙasa da 5.7 yake, mai magani kuwa yawanci ƙasa da 7 ake nema, a kan sassauta wa tsofaffi. Sai dai a nan ƙasar yana da tarko. Ƙarancin jini da sikila na iya karkatar da sakamakon, wasu injinan ma AS kaɗai na rikita su. Baffa AS ne, sai da muka faɗa wa likita. Ana duba masa ƙoda ma, domin idan ta yi rauni insulin kan daɗe a jiki.

Mu kuma fa? A littattafanmu likita kan fito yana share gumi ya ce "jininsa ya hau", shi kenan, sai sura ta gaba. A ganina muna zubar da labari. Dattijon da ya ƙi cin tuwo saboda harafi ɗaya ya fi hatsarin mota goma da muke jefa jarumai ciki taɓa zuciya. Ita kanta kalmar nomal ta isa a zauna a kanta. In na fassara wa Baffa da "lafiya lau", na ce masa ba shi da lafiya ke nan har abada. Da na ce "gwargwadonka", sai ya gyaɗa kai.

Gab da azumi likita ya sauya masa awon allurar, ya ƙara masa lambobi biyu: ƙasa da 70 ko sama da 300 a na'ura, ya karya azumin. Baffa ya yi musu sosai, sai da limamin unguwa ya sa baki. Bokonsa ba nisa, don haka da ajami ya sa na rubuta masa, ya ninke takardar ya cusa a jakar na'urar, kusa da dabino uku.