Yaron da ya kwafi rundunar gwani

Ƙanena da ke zaune a Liyon, ƙasar Faransa, ba mai yawan kuka ba ne. Shi ya sa ranar da ya kira ni da dare ya ce, "Yaya, ɗanka ya shiga wata harka da ban gane kanta ba," sai na gyara zama. Na ɗauka ƙwaya ce ko miyagun abokai. Ashe wasu ƴan mutum-mutumi ne na roba, yawancinsu ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba. Yaron yakan saye su a warwatse, ya haɗa su da gam, ya shafa musu fenti, ranar Asabar ya jera su a akwati ya tafi gasa. Abin da ya ƙure haƙurin uban shi ne yaron ya zo yana neman kuɗin sabuwar runduna, alhali wadda ke hannunsa ba ta shekara ba, kuma ta lashe kusan Yuro 600. Na buga lissafi a kaina: Yuro ɗaya sefa 656 ne, ke nan kusan jaka 400. A Maraɗi wannan ya kusa kuɗin babur.

Da hutun damina na 2022 na kai musu ziyara, sai na ce wa yaron ya tafi da ni in gani da idona. Ni malamin lissafi ne a lise, kuma abin da na gani a wannan zauren ya fi shafar aikina da na ƴan uwana malamai fiye da yadda na zata.

Sunan wasan Warhammer Age of Sigmar. Kamfanin da ke yin sa, Games Workshop, an kafa shi a Landan a 1975, yanzu cibiyarsa tana Notingham a Ingila. Warhammer na farko ya fito a 1983, yaƙi ne na duniyar tatsuniya: jarumai, dodanni, matsafa, ƙattai, ɓeraye masu tafiya da ƙafa biyu. Asalin tura ƴan sojoji a kan tebur ya girmi kamfanin nesa ba kusa ba, don tun 1824 hafsoshin sojan Furusiya suke koyon dabarun yaƙi da irinsa. A 2015 kamfanin ya rufe tsohon wasan ya fito da wannan sabon, kuma ya yi wani abu da ya tayar da ƙura: bai sa wa sojojin farashi ba, kowa ya zo da abin da yake da shi. Masu shirya gasa suka ga ba yadda za a yi adalci a haka, suka shiga ƙirƙiro nasu ma'aunin, har a 2016 kamfanin ya fitar da littafin da ya dawo da farashin.

Wannan farashin shi ne zuciyar maganar. Ba kuɗi ba ne, lamba ce. Kowane rukunin sojoji yana da tasa, kuma a gasa ana ba kowane ɗan wasa 2000 ya kashe. Kana iya zuba rabinta a kan manyan dodanni biyu ko uku, kana iya cika tebur da ƙananan sojoji masu araha. Takardar da ka rubuta abin da ka zaɓa ita ce jerin rundunarka, kuma kana miƙa ta ga masu gasa tun kafin ranar, ba canji bayan nan. Daidai yake da magidanci da aka ba kuɗin cefanen wata ya shiga kasuwa: in ya ƙarar a kan nama, ba hatsi.

Zauren wasanni ne na unguwa, an jera tebura. Kowane tebur inci 60 ne a tsawo, 44 a faɗi, an dasa masa ƴan duwatsu da itatuwa da kangaye. Wasa biyar ake yi cikin kwana biyu, kowanne kusan awa uku, kuma bayan kowane zagaye ana haɗa wanda ya ci da wanda ya ci, wanda ya faɗi da wanda ya faɗi. Kayan aikin kowa tef ɗin awo irin na tela da tulin ƴaƴan lido. Su ne suka fara tayar mini da hankali, don a wurinmu inda ka ga ana jefa su da yawa haka, caca ke zuwa a rai. Na tsaya na lura da kyau. Ba wanda ya aza ko dala a kan jifa. Kuɗin shiga na hayar zaure ne da abincin rana, kyautar kuwa ƴar garkuwa ce da akwatin sojoji. Maganar siffofin kuma ta malamai ce, ƙanena ya riga ya kai ta inda ya dace. Ni abin da ya kai ni shi ne in ga ko yaron yana amfani da kansa.

A hanya ya nuna mini jerinsa yana alfahari. Mahaya dodanni ne masu fukafukai da ke furzar da wuta, na rundunar da ake kira Stormcast Eternals. Na ce, "Wa ya tsara maka?" Ya ce, "Baba, ba sai an tsara ba. Wannan shi ne jerin da ya ci wata babbar gasa, na ɗauko shi daga intanet, ko soja ɗaya ban canza ba." Na tambaye shi me ya sa mai jerin ya sa wasu ƴan sojojin ƙasa guda biyar a ciki, tunda duk sauran masu tashi ne. Ya ɗaga kafaɗa. Wai ƙila cike gurbin lamba ne.

Wasan farko ya ci cikin sauƙi, don abokin karawarsa sabon shiga ne. Na biyu ne ba zan manta ba. An haɗa shi da wani dattijo mai furfura, mai rundunar ƴan ƙananan aljanu korra waɗanda a lokacin kowa ke cewa suna cikin mafi rauni a wasan. Fentinsu har ya fara koɗewa. Yaron ya kalle ni ya yi murmushi.

Dattijon ya jera ƙananan sojojinsa masu araha a gaba kamar darni, ya ɓoye masu ƙarfin a baya. Dodannin yaron suka taso suka cinye darnin nan ƙurmus, yana ta murna yana kwashe gawarwaki. Amma a wannan wasan ba a cin nasara da yawan kisa. Akwai wurare da aka yi wa alama a kan tebur, kuma a dokar lokacin, a ƙarshen kowane juyi wanda ya fi yawan sojoji kusa da wuri shi ke ɗaukar makinsa, ga kuma wasu ƙananan ayyuka da ake zaɓa kowane juyi, in an cika su a ƙara maki. Duk lokacin da dodanni ke can suna cin darni, dattijon yana zaune a kan wuraren yana tara maki. Wurin da ke bayan yaron kuwa ba kowa a kai, don ya tura ƴan sojojin ƙasan nan biyar gaba sun mutu a banza tun farko. Aikinsu ke nan a jerin: su zauna a gida su tsare. Mai jerin ya sani, wanda ya kwafa bai sani ba.

Sai kuma abin da ya ƙarasa shi. Zagaye biyar ake yi, kuma a farkon kowane sabon zagaye ƴan wasan biyu suna jefa ɗan lido ɗai-ɗai, wanda ya fi shi ke zaɓen mai farawa. Ke nan wanda ya yi na biyu a wannan zagaye yana iya yin na farko a mai zuwa, ya buga sau biyu a jere kai kana kallo. A dokar lokacin, in an yi kunnen doki, wanda ya fara a zagayen baya shi ke da zaɓi. Duk ɗan ajin ƙarshe ya kamata ya iya wannan: jifa biyu suna da fuska 36, shida kunnen doki ne, saura 30 a raba biyu. Damar dattijon ta buga sau biyu 15 ce cikin 36, ta haura kashi 41 cikin ɗari. Wannan ba tsautsayi ba ne da za a ce ya faɗo daga sama, abu ne da ke faruwa kusan sau biyu cikin biyar. Yaron ya baje dodanninsa a fili kamar ba zai taɓa faruwa ba. Ya faru. Da aka tashi, ya kashe fiye da rabin rundunar dattijon, an kuma ba shi kashi da tazara mai yawa.

Ya fito yana huci. "Baba, sa'a ce kawai. Kuma jerin nan ya tsufa, an rage wa dodannin ƙarfi. Shi ya sa nake son sabuwa."

A nan yana da ƴar gaskiya, kuma iyaye su san da ita. Kamfanin yana bin sakamakon gasa, ya kuma bayyana cewa burinsa kowace runduna ta riƙa cin tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari na wasanninta. Wadda ta zarce, sai a ƙara wa sojojinta farashi ko a gyara dokarsu. Don haka jerin da ya ci gasa a watan Janairu yana iya zama ba ya ma shiga cikin 2000 a watan Yuli. Wanda ke bin jerin gwanaye ba zai daina saye ba har abada, kuma ban ga alamar hakan yana ɓata wa mai sayar da roba rai ba. Kukan ƙanena a kan kuɗi yana kan hanya.

Amma ba wannan ya kayar da yaron ba. Da ana cin abinci na je na zauna kusa da dattijon. Ya ce mini shekara da shekaru yake wasa da rundunar nan, ya san tazarar da kowane rukuni ke iya tafiya ba tare da ya auna ba. Ya ce jerin yaron ya fi nasa ƙarfi, ba gardama, amma wanda ya rubuta shi ya rubuta shi ne don abokan karawar da yake tsammani a tasa gasar, kuma ya gwada shi sau da yawa yana cire wannan yana sa wancan kafin ya tsaya a kansa. Takardar ita ce abin da ya rage bayan an gama tunani. Ya ɗauki ƴaƴan lido ya nuna mini yadda yake auna faɗa kafin ya shiga: sara 20, kowanne yana samu in an jefa 3 ko sama, wato biyu cikin uku, yana rauni in an jefa 4 ko sama, rabi ke nan, abokin gaba yana karewa da 4 ko sama, wani rabin. Abin da zai wuce bai kai 4 ba. "In ina bukatar 6," in ji shi, "ba na zuwa." Mutumin nan direban motar kaya ne, yana yin lissafin yiwuwa a ka, wanda nake shan wahalar cusa wa ƴan aji na tsawon wata guda.

A jirgin dawowa abin ya yi ta cina, don na gane yaron sarai. Ina da irinsa arba'in a kowane aji. Muna kusantar jarrabawar bak, sai ka ga kowane ɗalibi da littafin tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu, yana haddace gyaran kamar karatun allo. Ya san layi na ɗaya, ya san na biyu, ya san amsar ƙarshe. Ka canza alama ɗaya a tambayar, ka mai da ƙari ragi, sai ya rubuto maka amsar bara ba ko gyara, in ya faɗi ya ce an kawo abin da ba a koya musu ba. Kuma kada in ɗora wa yara laifin duka. Ni kaina na sha cika allo da gyara in ce su kwafa, don manhaja tana da tsawo, yajin aiki ya ci makonni, shugaban makaranta kuma yawan waɗanda suka ci yake tambaya. Iyaye ma abin da suke biya wa kuɗin darasin yamma ke nan: a ba yaro amsar da ta ci bara. Gyaran da ke cikin littafin daidai ne, kamar yadda jerin gwanin yake daidai. Abin da babu a ciki shi ne hanyoyi uku da mai gyaran ya gwada suka toshe kafin ya samu ta huɗu, da dalilin da ya sa ya ajiye wani ɗan layi da ka ɗauka cike gurbi ne.

Ban ce a ƙone littattafan gyara ba. Dattijon ma yana karanta jerin gwanaye, amma yana karanta su ne da tambaya: me wannan yake tsoro da ya sa wancan? Tun da na dawo, in na ba da gyara nakan goge layi ɗaya daga tsakiya in ce su gaya mini abin da ya rushe. Ranar farko aji ya yi tsit har na ji kunya. Yanzu akan samu biyar ko shida su ɗaga hannu, sauran suna jira a ba su su kwafa, kuma wasu iyayen sun zo sun yi mini ƙorafin ina ɓata lokaci.

Shawarar da muka yanke da ƙanena kafin in taso ita ce ba sabuwar runduna sai yaron ya yi wasa 20 da wadda ke hannunsa, kuma bayan kowanne ya rubuta a littafi inda wasan ya juya, ban da kalmar sa'a. Ya yi fushi da ni kwana biyu. Wajen wasa na goma sha biyu ya turo mini hoton jerinsa ta WhatsApp: ya cire dodanni biyu, ya sa rukuni biyu na sojojin ƙasa. A gasar da ta biyo baya ya ci uku ya faɗi biyu. A ƙarƙashin sakamakon ya rubuto mini tambaya: in yana bukatar jimillar 9 ko sama da ƴaƴan lido biyu don ya kai hari, kuma yana da damar sake jifa sau ɗaya, ya tafi ko ya tsaya? Na ce ya lissafa ya turo mini, sannan na rubuta tambayar a allo ranar Litinin.