Zuwa Ga Ummi, Kafin Ki Raba Sunayen Mutane

Ummi,

Mahaifiyarki ta ce an ɗora miki gyaran rajistar manoman ƙungiyarku, kuma wanda ya fara aikin ya cusa suna, gari da lambar waya duk cikin akwati ɗaya a Excel. Da irin wannan aiki na ciyar da ku, shi ya sa na ga gara in rubuto miki.

Kafin ki taɓa komai, ki kwafi fayil ɗin ki ajiye na asali a gefe.

Rabawar ba wuya. Ki zaɓi layin tsaye da bayanan suke ciki, ki shiga Data, ki danna Text to Columns, ki nuna masa abin da zai yanka a kansa: waƙafi ko tazara. Ki bar layuka fanko a hannun dama, don nan zai zuba abin da ya raba.

Inda nake so ki nutsu shi ne yanka a kan tazara. Kwamfuta ba ta san sunayenmu ba. In kika ba ta Abubakar Tafawa Balewa, za ta watsa shi akwati uku, alhali Tafawa Balewa sunan gari ɗaya ne a jihar Bauchi. Haka za ta raba Nana da A'isha, ta raba Ɗan da Asabe. Wani ya rubuta Abdurrahman a haɗe, wani Abdul Rahman a rabe. Na farko ya zauna daidai, na biyu ya ture sunan mahaifinsa zuwa akwatin gari, garin kuma ya faɗa akwatin waya. Kowane layi a wannan rajista magidanci ne da ke jiran taki kafin damina ta yi nisa. Idan sunansa bai yi daidai da na katinsa ba, shi zai yi ta zirga-zirga daga ƙauye yana biyan kuɗin mota. Wannan yana damuna ƙwarai.

Tun Excel na 2013 akwai Flash Fill: ki rubuta misali ɗaya da hannu, ki danna Ctrl da E, ya cike sauran. Yana da sauri, amma kintace yake yi, sai kin bi layukan da idonki.

Sai lambobi. Lambar wayarmu 11 ce, da sifili take farawa. Idan Excel ya ɗauke ta lambar lissafi, sifilin zai ɓace, 0803 ya koma 803. Lambar asusun banki ma, mai 10, idan da sifili ta fara sai ta koma 9, kuɗi ya ƙi shiga. A mataki na uku na Text to Columns ki zaɓi wannan layin ki sa masa Text, sifilin zai tsaya.

Haɗawa kuwa a sabon layi za ki yi ta. Idan sunan mutum na A2, na mahaifinsa na B2, ki rubuta =A2&" "&B2, ki ja shi ƙasa. Daga Excel na 2019 akwai TEXTJOIN, wanda ke iya tsallake akwatin da ba komai, ga amfani inda wasu ke da suna uku wasu biyu. In tazara ta yi yawa tsakanin kalmomi, TRIM zai rage ta.

Don Allah kada ki je ga Merge & Center da nufin haɗa bayanai. Abin da ke akwatin farko kawai yake riƙewa, ya zubar da sauran. Yakan yi gargaɗi, amma mai gaggawa ba ya tsayawa karantawa.

A ganina ki bar rajistar a rabe, suna daban, gari daban, waya daban, ki riƙa haɗawa ranar da za a buga takarda kawai. Idan kika goge layukan da haɗin ya dogara a kansu, #REF! za ki gani daga sama har ƙasa, sai fa in kin riga kin kwafe sakamakon kin manna shi ta Paste Values.

Sunan da ya shige miki duhu kuwa, ga lambar mai shi nan a gabanki. Ki kira shi ki tambaya.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.