Tukunyar da ta Tumbatsa a Tsakiyar Sanyi

Scarborough, Toronto,
16 ga Janairu.

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Alhaji da yara. Ya jikin Inna? Mu nan sai godiya, sanyi ne dai ya kai intaha, ƙanƙara ta rufe ko'ina. Abin da ya sa na zauna rubuta miki maimakon kiran waya, wani abu ne na gani shekaranjiya da ya tsaya mini a rai.

Kin tuna maƙwabciyata da nake ba ki labari, dattijuwar nan 'yar ƙabilar Tamil da ta riƙe mini 'yarki lokacin da na kwanta asibiti? Da sassafe na buɗe ƙofa, sai na tarar ta zana ado da garin shinkafa a bakin ƙofarta, ta jingina rake biyu a bango. Bikin girbinsu ne ya zo, Pongal, wanda ke faɗawa 14 ko 15 ga Janairu, ranar farko ta watansu mai suna Thai. Sukan ɗora sabuwar tukunya, su ɗaura mata gangamau a wuya, su zuba madara da sabuwar shinkafa da mazarƙwaila. Mu idan tukunya ta zube faɗa ake yi wa mai girki. Su kuwa zubewar suke jira. Da madarar ta taso ta malalo, sai gida ya ɗauki sowa, domin ma'anar sunan kenan: tumbatsa. A can ƙasarsu a tsakar gida ake yi, a kan murhu, ana fuskantar fitowar rana, washegari kuma a wanke shanu a yi musu ado saboda su suka yi huɗa. A nan kuwa hawa na tara take, ba gona, ba saniya, raken ma jirgi ne ya kawo shi.

Na san abin da za ki tambaya. Ban shiga ibadarsu ba, ita ma ta san ba zan shiga ba. Tukunya daban ta dafa mini, ta kawo har ɗaki, kamar yadda nake kai mata naman layya ta karɓa don jikokinta.

Da muka zauna ne ta ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba. 'Yar Jaffna ce, a arewacin Sri Lanka. Tana budurwa aka ƙone babban ɗakin karatun garinsu a 1981, littattafai sama da 90,000 suka zama toka. A Yulin 1983 aka far wa Tamilawa a Colombo, yaƙi ya ɓarke, bai ƙare ba sai 2009. Haka suka watsu a duniya. Wasu 155 a 1986 masunta ne suka tsinto su a cikin ƙananan jiragen ruwa biyu kusa da gaɓar Newfoundland ta nan Kanada. Ta ce shekarunsu na farko a nan, a ɓoye take bikin, ta rufe ƙofa, kada maƙwabta su yi ƙorafin ƙamshin girki. Ɗanta kuwa ko a makaranta ba ya yarda a ji shi yana Tamil.

Yanzu fa? Tun 2014 majalisar lardinmu na Ontario ta yi doka cewa Janairu watan al'adun Tamil ne. A Oktoban 2016 majalisar wakilan Kanada ta amince da haka ga ƙasa baki ɗaya, ba wanda ya ƙi. Wanda ya kawo ƙudurin, Gary Anandasangaree, ɗan majalisa ne daga nan Scarborough, shi ma yana yaro ya shigo ƙasar a 1983, daga baya har minista ya zama. A 2018 Firaministan lokacin, Justin Trudeau, ya zo bikin Pongal a unguwar nan sanye da farin zanen mazansu.

Da farko na ce a raina, takarda ce kawai. Ba hutu aka ba su ba, ranar ma kowa aiki ya tafi, kuma 'yan siyasa ƙuri'a suke nema. Duk gaskiya ne. Amma Yaya, da idona na ga abin da takardar ta yi. Makarantun gwamnati na Toronto suna raya watan, don haka jikarta 'yar shekara takwas ta tsaya gaban aji da tukunyar ƙasa, ta yi bayanin bikin kakanninta, malama na tafa mata. Uban da ya ɓoye harshensa shi ya ɗauko mata tukunyar har bakin aji. Da dattijuwar ta zo nan a labarinta, sai ta kasa ci gaba.

Kuma ba zaune suka yi aka miƙo musu ba. Sun fara raya watan da kansu tun 2010, suna bin ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya kafin su isa majalisar ƙasa a Ottawa. Sun yi karo-karo har dala miliyan 3 don a kafa kujerar nazarin Tamil a Jami'ar Toronto.

To ga abin da ya hana ni barci. 'Yarki ta dawo daga makaranta tana ba ni labarin Pongal tiryan-tiryan, sai ta ce, “Mama, mu me muke yi idan an yi girbi?” Na fara gaya mata kaka, da dammunan gero, da rumbu, da tumun da Baba yake gasa mana a gona, da zakkar da ake fitarwa tun a masussuka, da damben da ake yi bayan an kai amfani gida. Sai na lura rabin kalmomin ba ta san su ba. Shekara tara, Yaya, ba ta san rumbu ba.

Don Allah idan kin je gida ki zaunar da Inna, ki naɗi muryarta a waya tana ba da labarin kaka a zamaninsu, da sunayen komai, ko da zai kai awa guda. Ki sa a ɗauki hoton rumbun Kawu. Idan an samu mai zuwa, ki haɗo mini da gero da mazarƙwaila, ina so in dama wa maƙwabciyata fura, in kuma ba ta ta ɗanɗana tamu.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki.