Jan da aka rina da jan da ya zo da kansa

Cukun Fulani da ake kira wagashi a Jamhuriyar Benin da zangunan Gana bayansa ja ne, kuma da gangan ake yinsa haka. Matan da ke sana'ar suna tafasa shi da karan dafi, wannan da dukawa ke rina fata da shi, sai ya fito da jar riga, cikinsa fari tas. Ba mai tambaya, saye kawai ake yi a soya. Amma a ce cukun da aka yi fari jiya, aka rufe a kwano, gari ya waye an tarar da ɗigo-ɗigon ja ko ruwan hoda a gefensa, to wannan ja ne na daban, bai kamata ya shiga kasko ba.

Bambanta su ba wuya. Rini yana zama bai ɗaya, tun ranar farko yake nan, ba ya ƙaruwa. Ɗayan kuwa tabo-tabo yake fitowa, yau kamar ƙwayar gero, gobe ya yi faɗi, in ka shafa yatsa ka ji yauƙi. Galibi aikin wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Serratia, ko wani irin yis mai ruwan hoda, irin wanda kan fito a gindin bokitin wanka da ba ya bushewa. A 1819 Serratia ta taɓa tayar da hankalin mutanen wani ƙauye kusa da Padua a Italiya, da tuwon masararsu ya riƙa wayar gari da ja kamar jini. An yi ta camfi, har wani mai haɗa magani, Bartolomeo Bizio, ya nuna cewa wata halitta ce mai rai ke tsirowa a kai, kuma danshi da ɗumi take so.

Abin lura shi ne yadda ake yin cukun namu. Madarar da aka tatso da safe ake tacewa a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, a daka ganye ko karan tumfafiya, a tace ruwan a zuba. Ana ci gaba da wuta har madarar ta tsinke, farin ya taso sama, ruwan ya koma tsararo, sannan a kwashe a zuba cikin ƙananan kwanduna ya tsane. Kusan lita 5 ke ba da kilo ɗaya. Abin da ya sha wuta haka, kusan da tsabtarsa yake barin tukunya. Saboda haka in launi ya ɓullo bayan kwana ɗaya ko biyu, kada a ɗora wa saniya laifi. A duba abin da ya taɓa shi bayan an sauke: ruwan da aka sanyaya shi a ciki, ƙyallen tata da aka shanya bai gama bushewa ba, kwandon da tsohon cuku ya maƙale a saƙarsa, hannun da ya karɓi kuɗi ya koma cikin roba. Ni dai ruwan na fi tuhuma, don shi ne ba a zargi, tunda ido na ganinsa garau.

Ko Turawa da injinansu ruwa ya taɓa kunyata su. A 2010 hukumomin Italiya sun kama dunƙulen cukun mozarela kusan 70,000 da aka yo a wata masana'anta a Jamus, saboda da an buɗe ledar sai ya rikiɗe ya koma shuɗi. Bincike ya gano ƙwayar Pseudomonas ce, wadda mazauninta ruwa ne. Ita wannan sanyi bai dame ta ba, don haka mai cewa ai a firji na ajiye bai kawo hujja ba, balle firjin da wuta ke zuwa masa tana tafiya.

Akwai kuma launin da tun daga tukunya yake fitowa, ya game ciki da waje, kuma yawancinsa ba abin tsoro ba ne. In hannu ya zarce wajen zuba tumfafiya, cukun kan yi ɗan kore-kore, harshe kuma zai ji ɗaci. Da damina, lokacin da shanu ke cin ɗanyar ciyawa, yakan ɗan yi rawaya fiye da na rani, kamar dai yadda man shanun lokacin yake yi. Madarar da ta kama a gindin tukunya tana ba da ruwan ƙasa da ƙauri, tukunya mai tsatsa kuma ta dusashe farin. Guda ɗaya ne a nan ke buƙatar a koma ruga: madarar da tun a ƙwaryar tatsa take da ja-ja ko gudaji. Wannan jini ne daga hantsar da ta kumbura ko ta ji ciwo, saniyar magani take buƙata, madararta kuma a zubar.

Sai fumfuna. Wani zai ce ai a Faransa har tsada ake sayen cukun Roquefort saboda shuɗin fumfunar da ke cikinsa. Gaskiya ne, sai dai su iri guda sananne suke sakawa da hannunsu, ba wanda iska ta kwaso daga bayan buhun masara ba. A cuku mai tauri sosai ana iya yanke wurin da ya yi tabo, a haɗa da kamar santimita biyu da rabi na kewayensa, a ci sauran. Namu mai laushi da ruwa-ruwa bai karɓi wannan ba, domin saiwar fumfunar ta riga ta ratsa inda ido bai kai ba. Kankare baƙin gashin da ke sama a soya sauran, yaudarar kai ce.

Busasshen cukun Nijar, irin na Tawa da Abalak, wanda ake shanyawa falle-falle a kan tabarmar kara har zanen karan ya fito a jikinsa, shi rana ce ke tsare shi. Yakan yi watanni lafiya. Abin da ke kashe shi leda ce: a ɗaure shi bai gama bushewa ba, ya yi gumi a ciki, kafin mota ta kai Kano gefunansa sun yi toka-toka. Kuma da yake ba a dafa madararsa kamar ta wagashi, yana iya ɗauko abin da ba shi da launi ko kaɗan, irin ƙwayar bakkale mai sa shanu ɓari, wadda kan bar mutum da zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, a yi ta shan maganin sauro a banza.

Matan da suka daɗe a sana'ar wagashi ba sa jiran tabo ya fito. Wanda bai ƙare a kasuwa ba, da yamma ake mayar da shi tukunya a tafasa da gishiri, gobe ma haka. Kowace tafasa tana ƙara masa tauri, tana rage masa nauyi da ɗanɗanon sabuwar madara, shi ya sa mai saye da ya san kan abin yakan ɗan danna da yatsa kafin ya yi tayi.